Alkawarin Allah Ba Ya Tashi, Amma Wane Alkawari Ya Yi Mana?

Sau biyar a kowace rana, da zarar ladan ya idar da kiran salla, tun daga Babban Masallacin Juma'a da ke daura da Gidan Rumfa har zuwa ƙananan masallatan lunguna na Fagge da Kurna da Gwammaja, mutanen Kano sukan roƙi Allah ya ba Annabi Muhammadu (SAW) wasila da falala, ya kuma tashe shi a matsayin yabo wanda ya yi masa alkawari. A ƙarshen Suratu Ali Imrana ma, a aya ta 194, an kawo addu'ar masu hankali suna roƙon Ubangiji ya ba su abin da ya alkawarta musu ta bakin manzanninsa, sannan suka rufe da cewa shi ba ya saɓa alkawari. Mai lura zai tambaya, idan har ba ya saɓawa, me ya kawo roƙon ya cika? Amsar da malaman tafsiri suka bayar ita ce tushen wannan al'amari baki ɗaya: roƙon kansa ibada ne, kuma abin da mai roƙon yake jin tsoro shi ne kada shi ya fita daga sahun waɗanda aka yi wa alkawarin, domin ta ɓangaren wanda ya ɗauki alkawarin babu abin tsoro.

Dalilan da suke sa ɗan Adam ya saɓa alkawari sanannu ne. Telan da ya karɓi shadda a tsakiyar azumi ya ce a zo jajibirin salla, ko dai tun farko ya san ba zai gama ba ya faɗa ne don kada ciniki ya wuce shi, ko ya manta, ko an ɗauke wuta aiki ya fi ƙarfinsa, ko wani ya zo da kuɗin da ya fi tsoka ya sauya ra'ayi, ko kuma rashin lafiya ko mutuwa ta riske shi. Ƙarya da mantuwa da gazawa da sauya shawara saboda sabon abin da ya bayyana da kuma ƙarewa, babu ɗaya daga cikinsu da yake halatta a haƙƙin Allah, kuma duk wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ya san haka. Saboda haka ne Alƙur'ani yake kawo maganar a matsayin ƙalubale a Suratut Tauba aya ta 111, inda ya tambaya wane ne ya fi Allah cika alkawari. Sai dai a nan Ahlus Sunna suna ƙara wani bayani mai muhimmanci, cewa babu wanda ya isa ya wajabta wa Allah komai, shi ne ya wajabta wa kansa don falala, kamar yadda ya ce ya rubuta wa kansa rahama a Suratul An'am aya ta 54, ya kuma ce taimakon muminai haƙƙi ne a kansa a Suratur Rum aya ta 47. Bawa ba ya bin Allah bashi, yana dai riƙe da maganar Mai karamci, kuma wannan ta fi kowace takardar bashi ƙarfi.

To idan haka ne, daga ina ruɗani yake shigowa? Domin ruɗanin yana nan, ko da ba a furta shi a fili. Akwai wanda ya shekara goma yana roƙon haihuwa, akwai wanda dukiyarsa ta ƙone ƙurmus a gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 alhali yana fitar da zakka, akwai matashin da ya gama jami'a ya yi ƙiyamul laili har ya gaji bai samu aiki ba, kuma kowannensu ya ji ana karanta masa cewa wanda ya ji tsoron Allah zai sanya masa mafita ya azurta shi ta inda ba ya tsammani. A ganina, mafi yawan wannan damuwa tana tasowa ne daga jingina wa Allah alkawuran da bai yi ba. Mukan ɗauki abin da ya faɗa, mu ƙara masa lokaci daga wajenmu, mu ƙayyade masa kama daga wajenmu, mu cire masa sharaɗin da ya zo da shi, sannan mu zauna muna jiran cikar abin da mu muka ƙulla.

Batun lokaci shi ne ya fi jijjiga mutane, kuma bai bar sahabbai ba. A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan hijira, wato 628 Miladiyya, Annabi (SAW) ya fito daga Madina da mutum kusan 1,400 da harami, bayan ya ba su labarin mafarkinsa cewa za su shiga Masallaci Mai Alfarma su yi ɗawafi. Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya, aka ƙare da yarjejeniyar da a zahiri ta fi kama da ƙasƙanci: su koma gida bana ba tare da umra ba, kuma duk wanda ya gudo daga Makka ya zo wurin Musulmi a mayar da shi. Sayyidina Umar, duk da ƙarfin imaninsa, ya kasa daurewa, ya tambayi Annabi ko ba shi ya gaya musu za su je Ɗakin Ka'aba su yi ɗawafi ba. Annabi ya amsa masa cewa haka ne, sannan ya tambaye shi ko ya ce masa bana ne. Umar ya ce a'a. Da ya je wurin Sayyidina Abubakar, amsar da ya samu ke nan kusan kalma da kalma. Kalmar "bana" ita ce abin da zukatan mutane suka ƙara, kuma ita kaɗai ce ba ta cika ba. Shekara ta zagayo suka yi umra, kuma a shekara ta 8 suka shiga Makka da mutum 10,000, adadin da zaman lafiyar Hudaibiyya ne ya ba da damar taruwarsa.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi, wato alkawarin da aka yi wa jama'a ba lallai ne kowane mutum ɗaya ya ga cikarsa da idonsa ba. Sumayya da mijinta Yasir sun mutu a hannun masu azabtarwa a Makka tun kafin a yi hijira, kuma abin da Annabi ya gaya musu shi ne su yi haƙuri, mahaɗarsu Aljanna. Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya taso cikin gata, ya yi shahada a Uhudu aka rasa mayafin da zai rufe shi gaba ɗaya, in an rufe kai ƙafa ta fito. Babu ɗayansu da ya ga an ci Makka. Wanda ya taƙaita lissafinsa a kan duniya dole ya ce an bar waɗannan a baya, alhali kuwa babban kaso na abin da aka alkawarta wa muminai a lahira za a biya shi, kuma tun farko haka aka faɗa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne jarrabawa ita ma tana cikin alkawarin. A Suratul Baƙara aya ta 155 Allah ya faɗa da ƙarfafawa cewa zai jarraba bayinsa da wani abu na tsoro da yunwa da tawayar dukiya da rayuka da amfanin gona, kuma a aya ta 214 ya nuna cewa waɗanda suka gabata an girgiza su har manzonsu da muminai suka ce yaushe taimakon Allah zai zo. Wannan ne ya sa a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, mutane kashi biyu suka kalli runduna ɗaya suka faɗi magana biyu. Munafukai suka ce Allah da Manzonsa ba su yi musu alkawarin komai ba sai ruɗi, muminai kuwa da suka ga taron dangin nan sai suka ce ai wannan shi ne abin da Allah da Manzonsa suka yi musu alkawari. Duka maganganun biyu suna cikin Suratul Ahzab, aya ta 12 da ta 22. Su muminan sun ɗauki zuwan tsananin a matsayin shaidar cewa maganar gaskiya ce, domin an gaya musu zai zo.

Haka abin yake a wajen addu'a. An yi alkawarin amsawa, amma hadisi ya bayyana cewa amsar tana zuwa ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: a gaggauto wa mutum abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi sai lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinsa. Ibnu Aɗa'illah, wanda masu karatun Hikam a zaurukan cikin birni suka san maganarsa, ya taƙaita wannan da cewa Allah ya lamunce maka amsa a cikin abin da ya zaɓa maka da lokacin da ya so, ba a cikin abin da kai ka zaɓa wa kanka da lokacin da kake so ba. Sannan hadisai sun ambaci abubuwan da suke tare addu'a, daga ciki har da gaggawar da take sa mutum ya ce na roƙa ba a amsa ba ya daina, da kuma cin haram, wanda mu a wannan zamani ba mu cika son a tsaya a kansa ba.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗi. Wasu alkawuran ba su rataya a kan aikin kowa ba, kamar tashin alƙiyama da kuma tsare Alƙur'ani daga canji. Amma yawancin waɗanda muke kafa hujja da su a kullum da sharaɗi suka zo a jikinsu: idan kun gode zan ƙara muku, idan kun taimaki Allah zai taimake ku, ku cika alkawarina in cika naku. Yaƙin Uhudu na shekara ta 3 bayan hijira ya nuna yadda wannan yake aiki. Annabi ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu da umarnin kada su gusa ko an yi nasara ko an sha kashi, da suka ga abokan gaba sun juya baya sai mafi yawansu suka sauko neman ganima, dawakan Khalidu ɗan Walidu suka zagayo ta baya, aka rasa Musulmi kimanin 70. Bayanin da Alƙur'ani ya yi a Ali Imrana aya ta 152 ya fara ne da tabbatar da cewa Allah ya riga ya gaskata musu alkawarinsa tun da farkon yinin, sannan ya lissafa abin da ya biyo baya: rauni, da jayayya, da saɓa umarni bayan sun ga abin da suke so. Idan rundunar da Annabi yake cikinta ba a ɗauke mata sharaɗi ba, da wuya a ce an ɗauke wa wata al'umma a bayanta.

Nasaba ma ba ta ɗauke shi, kuma wannan magana ce da ya kamata a faɗe ta a gari irin namu inda sunan gida yake da daraja. Da Allah ya ce wa Annabi Ibrahim zai sanya shi shugaba ga mutane, ya roƙa wa zuriyarsa, sai aka amsa masa cewa alkawarin Allah ba ya kaiwa ga azzalumai. Annabi Nuhu kuwa, da ruwa ya ci ɗansa, ya ce ɗan nan yana cikin iyalinsa kuma alkawarin Ubangiji gaskiya ne, sai aka sanar da shi cewa wannan ba ya cikin iyalin da ake nufi, saboda aikinsa ba na kirki ba ne. Albarkar iyaye gaskiya ce, addu'arsu kuma tana bin 'ya'ya, amma jikan malami ko ɗan gidan sarauta da ya ɗauka an riga an gama masa komai tun daga kakanni ya karanta rabin ayar ne ya bar rabi. Suratun Nisa'i aya ta 123 ta haɗa mu da Ahlul Kitabi a hukunci ɗaya, cewa al'amarin ba ya bin gurace-guracen kowa, wanda ya aikata mugun abu za a saka masa da shi.

Tarihin garin nan yana da nasa misalin. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi hijira zuwa Gudu a 1804, suka yi nasara a Tabkin Kwatto, suka sha wuya a Tsuntsuwa da Alwasa, kuma suna kallon al'amarinsu ne ta fuskar alkawarin da ke Suratun Nur aya ta 55, cewa Allah zai ba waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari iko a bayan ƙasa, ya musanya musu tsoro da aminci. Amma tun kafin Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ƙanin Shehu, Malam Abdullahi, ya ga yadda neman mulki da tara dukiya suka fara shiga zukatan mutane, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano ya tsaya, mutanen gari suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, kafin ya koma. Abin da ya tayar masa da hankali a lokacin da nasara take ƙara kusantowa shi ne ya ga ana karɓar abin da aka alkawarta ana sakin sharaɗin da aka ɗaura shi a kai.

Akwai wata tsohuwar muhawara da ta shafi wannan babi, wadda take da amfani har yau. Mu'utazilawa, wata tsohuwar ƙungiya ta malaman aƙida, sun sanya cikar alkawari da cikar narko, wato gargaɗin azaba, a cikin ginshiƙansu biyar, suka ce kamar yadda Allah ba ya fasa lada, haka ba ya fasa azabar da ya tsoratar da ita, saboda haka mai babban zunubi da ya mutu bai tuba ba zai dawwama a wuta. An ruwaito cewa a Basra, Amru ɗan Ubaidu, ɗaya daga cikin jagororin Mu'utazilawa, ya kawo wannan hujja ga malamin ƙira'a Abu Amru ɗan Ala'i, shi kuwa ya amsa masa cewa a wurin Larabawa fasa alherin da aka alkawarta abin zargi ne, amma yafe hukuncin da aka yi barazana da shi karamci ne. Wasu malaman Sunna ba su so a ce an fasa narko ba ko kaɗan, suka ce tun asali an rataya shi ne a kan rashin yafiya, tunda Allah ya ce ba ya gafarta shirka amma yana gafarta abin da bai kai ta ba ga wanda ya so. Ko ta wace hanya aka bi, matsayar ɗaya ce, ita ce kuma ɗalibi yake tararwa a farkon Risala ta Ibnu Abi Zaid, cewa wanda bai tuba daga manyan zunubai ba al'amarinsa yana ga mashi'ar Allah, wato ganin damarsa. Wannan matsaya tana rufe ƙofar yanke ƙauna, amma ba ta ba kowa takardar tsira a hannu ba, domin mashi'a ba alkawari ba ce. Shi ya sa da Annabi ya gaya wa Mu'azu ɗan Jabal cewa haƙƙin bayi a kan Allah shi ne kada ya azabtar da wanda bai yi shirka ba, Mu'azu ya nemi izinin yi wa mutane albishir, sai aka ce masa ya bari don kada su dogara a kan haka su bar aiki.

Ya dace a faɗi wata magana a kan masu sayar da alkawarin da Allah bai yi ba. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko wani ya shiga matsin neman aure ko ciniki ko muƙami, ba a rasa mai cewa a kawo kaza a yi aiki, kafin kwana kaza buƙata ta biya. Neman addu'ar mutanen kirki abu ne sananne a addini, amma yanka wa Allah wa'adi wani abu ne daban, kuma Alƙur'ani ya taɓa tambayar wasu masu irin wannan tabbaci ko sun karɓi alkawari ne daga wurin Allah, ko kuwa suna faɗin abin da ba su sani ba ne a kansa. Ɓarnar ba a kuɗin da aka karɓa ta tsaya ba, domin idan wa'adin ya wuce babu labari, imanin mai rauni ne yake tsagewa.

Abin da ya rage shi ne ɓangarenmu, kuma a nan ne ya kamata damuwar ta koma. Alƙur'ani ya ba da labari a Suratul A'araf aya ta 172 cewa an tambayi zuriyar Adamu ko Allah ba shi ne Ubangijinsu ba, suka amsa da na'am, kuma wannan amsar ce mumini yake sabuntawa safe da yamma a cikin Sayyidul Istigfari, inda yake cewa yana kan alkawarin Ubangijinsa gwargwadon iyawarsa, yana iƙirari da ni'ima, yana iƙirari da zunubi. Ba a nemi cikar da babu tawaya ba, an nemi gaskiyar ƙoƙari da saurin komawa idan an zame. Wanda aka zarga shi ne irin mutumin da Suratut Tauba ta siffanta daga aya ta 75 zuwa ta 77, wanda ya yi wa Allah alkawari idan ya ba shi dukiya zai yi sadaka ya zama na kirki, da aka ba shi sai ya yi rowa ya juya baya, sakamakonsa kuwa munafunci ya zauna masa a zuciya. Duk wanda ya taɓa yin bakance a gadon asibiti ko a tsakiyar wata masifa, ya samu lafiya ya manta, ya san ayar ba ta yi nisa da shi ba.

Ba a kuma raba alkawarin Allah da alkawarin mutane ba. Saɓa alkawari yana cikin alamomi uku na munafuki da hadisi ya lissafa, tare da ƙarya da cin amana. Kasuwancin Kano, daga Kurmi zuwa Kantin Kwari zuwa Dawanau, an gina kaso mai yawa nasa a kan baki: a ba mutum kaya ya tafi da su Maraɗi ko Maiduguri, ya sayar ya kawo kuɗi, ba tare da an rubuta komai ba, saboda Bahaushe ya yarda alkawari kaya ne. Idan wannan ya lalace, ba mai kayan kaɗai ake cuta ba, ana toshe hanyar yaron da zai zo gobe neman a ɗora shi a kan amana. Abin takaici ne yadda "in sha Allahu", wadda aka umarce mu da faɗa don mu tuna gobe ba a hannunmu take ba, ta zama a bakin wasu hanyar sallamar mai bin bashi, har ta kai idan an faɗe ta sai mai sauraro ya ce a'a, shi dai a gaya masa gaskiya.

Akan ce ai yanayi ne ya canza, kuma wanda aka yi wa alkawarin ma ba mutumin kirki ba ne. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun faɗa hannun Ƙuraishawa a kan hanyarsu ta zuwa Madina gab da yaƙin Badar, aka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso suka ba shi labari a lokacin da Musulmi ba su fi ɗari uku da 'yan kai ba, abokan gaba kuwa sun kusa dubu, kuma kowane takobi ɗaya ana buƙatarsa. Annabi (SAW) ya umarce su su koma, ya ce za a cika wa mushirikan alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu, kuma haka aka yi yaƙin Badar babu su biyun.